Jadawalin Wata Uku na Ɗakin Karatun Jama'a: Waɗanda Suka Cancanci Zuwa da Waɗanda Ke Neman Gyara

Ɗakin karatun da muke sharhi a kansa matsakaici ne. Yana da babban zaure na manya, da sashen yara, da ɗakin kwamfutoci, da ƙaramin ɗakin taro mai cin mutum kamar talatin. Jadawalin da ya liƙa na watanni uku masu zuwa yana ɗauke da shirye-shirye takwas. A ganinmu uku sun tsaru, biyu za su yi amfani idan an ɗan taɓa su, sauran kuwa an sa su ne don takarda ta cika.

Ma'aunin da muka ɗora su a kai ba mai wahala ba ne. Shin shirin yana dawowa a rana ɗaya da awa ɗaya, har mutum ya haddace ba sai ya duba takarda ba? Kuma wanda ya halarta yana fita da wani abu, ko littafin aro ko wata iyawa da bai shigo da ita ba? Batun kuɗi bai taso ba, domin duk shirye-shiryen kyauta ne, kuma haka ya kamata. Tun sanarwar da UNESCO ta fitar a 1949 kan ɗakunan karatu na jama'a, wadda aka sabunta a 1972 da 1994 da kuma 2022, ƙa'idar ita ce a shiga a amfana ba tare da an biya ba.

Karatun yara

Wannan shi ne ginshiƙin jadawalin. Ana yin sa sau biyu a mako da ƙarfe goma na safe, minti talatin, kuma an raba yaran gida biyu: 'yan ƙasa da shekara uku, da 'yan shekara uku zuwa biyar. Rabon nan ba ƙaramin abu ba ne. Ɗan shekara biyu ba ya zama wuri ɗaya ya saurari labari mai tsawo, ɗan shekara biyar kuma yana gajiya da littafin da kalma uku ce a kowane shafi. Idan aka haɗa su, dole ɗaya ya tayar da hankalin ɗaya.

Tsarin rabin awar ma an yi masa tunani. Ana buɗewa da waƙa guda wadda ba ta canzawa, saboda yaro ya gane cewa an fara. Sai littafi mafi tsawo tun hankali na nan, sai wasan motsa jiki na minti biyu ko uku a tsaye, sai littafi na biyu gajere, sai waƙar rufewa. Masu sabon hannu sukan ajiye dogon littafi sai ƙarshe don suna ganin shi ne mafi daɗi, a lokacin kuma rabin yaran sun miƙe suna zagaya ɗaki.

Mai karatun tana riƙe littafin a gefen kafaɗarta, hotunan na fuskantar yara, tana karantawa ta gefen ido. Wannan na nufin ta san rubutun tun kafin ta zauna. Tana kuma karkata littafin a hankali daga dama zuwa hagu kafin ta buɗe wani shafi, domin na gefe su gani. Abin da ya fi burge mu shi ne yadda take tsayawa ta yi tambaya. Maimakon ta ce “kun ga karen?”, wadda amsarta e ce kawai, sai ta ce “me karen nan yake nema a ƙarƙashin gado?” Yaro ya ce “ƙwallo”, ita kuma ta ƙara masa: “e, jar ƙwallonsa ce ta gangara.” Wannan salo na mayar da yaro mai ba da labari, babba kuma mai tambaya da faɗaɗa amsa, shi ne Grover Whitehurst da abokan aikinsa suka gwada a Amurka a 1988 da iyayen ƙananan yara, suka ga yaran da aka yi wa haka sun fi iya furta abin da ke bakinsu. Ba ya buƙatar kayan aiki, kuma uwa ko uban da ya zauna ya kalla sau biyu zai iya yi a gida.

Akwai gyara biyu. Na farko, an ajiye kujerar mai karatu kusa da ƙofa, don haka duk wanda ya makara sai ya ratsa ta gaban yara, ido ashirin su bi shi. A juya zaman, ƙofa ta koma bayan yaran, matsalar ta ƙare. Na biyu ya fi girma. Ana gama karatu yara na ɗokin littafin da aka karanta, amma teburin yin katin aro yana can ƙarshen babban zaure, ga fom mai shafi biyu. Uwar da ke riƙe da jariri da wani yaron a hannu ba za ta bi wannan layi ba, sai ta wuce gida hannu rabbana. Kwando ɗaya na littattafai a bakin ƙofar sashen yara, da ma'aikaci ɗaya da zai zauna na minti goma sha biyar yana yin kati nan take, su ne za su mayar da sauraro ya zama aro. Littattafan tatsuniyoyi, ga mai nema, suna lamba 398.2 a tsarin Dewey, tsarin jera littattafai bisa lamba da aka fara amfani da shi tun 1876, kuma shi wannan ɗakin karatu yake bi.

Ajin kwamfuta na masu farawa

Mako shida ne, sau ɗaya a mako, awa ɗaya da rabi. Kwamfutoci goma ne a ɗakin amma mutum takwas ake ɗauka. Wasu za su ce asara ce. Mu dai mun ga hikima, domin da wuya a yi zama guda ba tare da wata na'ura ta ƙi tashi ko ta tsaya sabunta kanta ba, kuma ɗalibin da aka ce ya leƙa ta maƙwabcinsa ya rasa darasin ranar ke nan. Malami ɗaya ne a gaba da majigi, da mataimaki ɗaya mai zagayawa. Dokar da aka kafa wa mataimakin ta yi daidai: ba ya taɓa linzamin kwamfutar ɗalibi, wato mouse. Ya faɗa da baki, ya nuna da yatsa, amma hannun ɗalibi ne zai yi. Da zarar ka karɓi linzami ka yi masa, ya koyi cewa kai ka iya, ba shi ba.

Makon farko duk a kan linzami da madannai yake ƙarewa, kuma bai yi yawa ba. Abin da ke kayar da manya masu farawa shi ne danna sau biyu a jere. Hannu yakan motsa tsakanin dannawa ta farko da ta biyu, sai kwamfuta ta ɗauka ana jan abu ne, sai fayil ya faɗa cikin wata jaka ya ɓace wa mai shi. Maganin yana cikin saiti: a rage saurin da ake buƙata tsakanin dannawa biyun, a ƙara girman kibiyar, a kuma koya wa mutum ya kafa gindin tafinsa a kan tebur. Wanda abin ya ci gaba da gagara, a nuna masa ya danna sau ɗaya sannan ya buga Enter. Aikin ɗaya ne.

Mako na uku, na buɗe imel, shi ne inda irin wannan aji ya saba watsewa, kuma jadawalin bai yi gargaɗi ba. Kamfanonin imel sukan aiko da lambar tabbatarwa ta waya, don haka wanda ya zo ba waya, ko wayarsa ba caji, ya tsaya cak. Sannan idan mutum takwas suka nemi buɗe sabon asusu a lokaci guda daga layin intanet guda, kamfanin yana iya zargin damfara ce ya toshe wasu. Dabarar ita ce a raba su: biyu su buɗe yayin da sauran ke atisayen rubutu, sannan a juya. Kalmar sirri kuma, duk da gargaɗin da ake yi kan rubuta ta, ga mai farawa gara ya rubuta a ƙaramin littafinsa ya ajiye a gida da ya dawo mako mai zuwa ya tarar ya manta, asusun ya zama nasa amma ba nasa ba.

Kwamfutocin suna da irin manhajar nan, Deep Freeze, mai goge duk abin da aka ajiye da zarar an kashe na'ura. Wannan kariya ce ga sirrin jama'a, kuma muna goyon baya. Amma sai an faɗa wa ɗalibai tun ranar farko, in ba haka ba wanda ya kwashe awa yana buga takardar neman aiki zai dawo ya tarar babu ko harafi. Kowa ya zo da filasha, ko ya tura wa kansa ta imel kafin ya tashi. An kuma saka Kiwix a kan na'urorin, manhajar da ke ba da damar buɗe Wikipedia ba tare da intanet ba, saboda haka darasin bincike ba ya mutuwa idan layi ya yanke.

Babban giɓin ajin shi ne waya. Da yawa daga cikin waɗanda ke zuwa ba su da kwamfuta a gida kuma ba za su saya ba, abin da ke aljihunsu shi ne za su cike fom da shi, su ɗauki hoton takarda, su rage nauyin hoton don shafi ya karɓa. Ko zama ɗaya ba a ware wa wannan ba. Da za a cire darasin zana jadawalin lissafi na mako na shida a sa wannan, da ajin ya fi amfani nesa ba kusa ba.

Gyaran littafi

Wannan ne shirin da ba a yi wa talla ba, kuma shi ne mafi kyau a takardar. Sau biyu a wata, mutum shida a zama, kowa da littafinsa da ya lalace ko ɗaya daga cikin tarin na ɗakin karatun. Kayan aikin kaɗan ne: farin gam na PVA marar tsami, ƙaramin burushi, siririn ƙarfen saƙa, takarda mai kakin zuma, ɗan ƙashin goge lanƙwasa, da wani abu mai nauyi na dannewa.

Darasin farko shi ne hana amfani da salatef. Gam ɗinsa yana ratsa takarda, bayan 'yan shekaru ya koma ruwan ƙasa, ledar ta ɓare ta faɗi, tabon kuma ya zauna har abada. Shafin da ya cire gaba ɗaya ga yadda ake mayar da shi. A ɗora wata takarda a kansa ta rufe ko'ina sai siririn layi kamar milimita uku a gefen ciki. A shafa gam a kan layin nan kawai, burushi na tafiya daga takardar rufin zuwa waje don kada gam ya shige ƙarƙashi. A cire rufin, a tura shafin can cikin kwarmin littafi, a daidaita samansa da sauran shafuka, a sa takarda mai kaki gaba da baya, a rufe, a ɗora nauyi ya kwana. Kuskuren da kowa ke yi shi ne yawan gam. Idan ya yi yawa sai ya malala ya haɗe shafuka uku, ko ya bushe da tauri ya zama wuƙa, shafin ya sake yagewa daidai bakin gam ɗin.

Bangon da ya saki, wanda littafi ke reto a cikinsa, shi ake yi wa aiki da ƙarfen saƙa. A tsayar da littafin, a buɗe bangon, a shafa wa ƙarfen gam, a zura shi ta ramin da ke tsakanin bango da jikin littafi yana juyawa, daga sama sannan daga ƙasa. Gam ɗin a mahaɗar bango kawai zai tsaya. Idan ya taɓa tsakiyar bayan littafin, inda ya kamata ya kasance a sake, littafin ba zai ƙara buɗewa da kyau ba. Daga nan a rufe, a bi kwarmin waje da ƙashin gogewa, a danne.

Suna kuma koyar da ceton littafin da ya jiƙe, kuma nan lokaci ne komai, don funfuna tana iya kamawa cikin kwana biyu. A tsayar da shi a buɗe kaɗan gaban fanka, a saka takarda mai tsotse ruwa bayan kowane shafi ashirin ko makamancin haka, a riƙa canzawa. Kada a kai shi rana ko kusa da wuta, bango zai lanƙwashe. Littafi mai takarda mai sheƙi kuwa sai an raba shafukansa tun yana jiƙe, idan ya bushe a haɗe ya zama katako. Wanda ba zai samu sukuni nan take ba ya naɗe shi ya sa a firiza, hakan na tsayar da ɓarna har ya samu lokaci. Abin da za mu ƙara kawai shi ne a riƙa faɗa wa mutane a fili cewa littafin gado ko tsohon rubutun hannu ba na wannan tebur ba ne. Gam ɗin PVA ba ya warwaruwa, irin waɗancan sai ƙwararre.

Biyun da ke neman gyara

Taimakon aikin gida ga 'yan makaranta ana yin sa da yamma, kwana uku a mako, da 'yan sa-kai. Niyyar ta yi kyau, kuma an kiyaye dokar da ba a wasa da ita: babba ba ya keɓewa da yaro, manya biyu ne a ɗaki, ƙofa a buɗe. Matsalar ita ce an ajiye teburan a cikin babban zaure, daidai lokacin da masu shirin jarrabawa ke neman shiru, alhali ɗakin taro yana kulle a wannan awar. Sannan 'yan sa-kan ba a ba su horo ba. Mutumin kirki idan ya ga yaro na fama, da kansa zai karɓi biro. Zama ɗaya na awa biyu ya isa a koya musu su tambayi yaro ya karanta tambayar da ƙarfi, ya faɗi abin da ake nema da kalmominsa, sannan a yi misali makamanci, ba ainihin wanda malami ya bayar ba.

Ƙungiyar masu karatu ta manya tana da matsalar lissafi. Gurbin mutum goma sha biyu ne, kwafin littafin wata uku ne, zama kuma bayan mako huɗu. Ko da kowa ya karanta cikin mako guda ya dawo da shi a kan lokaci, da ƙyar zai zagaya, kuma ba a taɓa yin haka ba. Sakamakon shi ne rabin ɗaki ba su karanta ba, mutum biyu su mamaye zance. Ko dai a zaɓi littattafan wata shida tun yanzu a aro ƙarin kwafi daga wasu ɗakunan karatu, ko a bar batun littafi guda a koma jigo guda, kowa ya karanta abin da ya samu a kan jigon ya zo ya ba da labari cikin minti biyar. Hanya ta biyu ta fi sauƙi kuma takan fi fitar da littattafai daga kanta.

Sauran

Daren kallon fim sau ɗaya ne a wata uku, ba a faɗi fim ɗin ba, ba a kuma nuna an samu izinin haskawa ga jama'a ba, wanda daban yake da mallakar faifai. Laccar wata-wata taken ta “Muhimmancin Karatu”, kuma waɗanda za su zo ɗakin karatu su saurare ta su ne waɗanda ba sa buƙatarta. Na ukun, inda ake “aron mutum” a zauna da shi rabin awa ya ba da labarin rayuwarsa, an kwaikwayo shi ne daga tsarin da aka faro a Danmak a shekarar 2000. Tunani ne mai kyau, amma yana buƙatar tantance masu ba da labarin, da shirya su, da mai sa ido idan tambaya ta wuce gona da iri. Layi ɗaya da aka rubuta a jadawali bai nuna an yi ko ɗaya ba.

Abin da babu shi sam ya fi damun mu. Ba shiri ko ɗaya ga masu larurar gani. NVDA, manhajar da ke karanta abin da ke kan allo da murya, kyauta ce, tana aiki a Windows, kuma saka ta a kwamfuta biyu da abin sawa a kunne aikin rabin awa ne. Yarjejeniyar Marrakesh ta 2013 ta sauƙaƙa wa ɗakunan karatu, a ƙasashen da suka amince da ita, mayar da littattafai zuwa sauti ko rubutun makafi ba tare da neman izinin mawallafi ba. Shi kansa jadawalin an buga shi da ƙananan haruffa a kan takarda mai launi, dattijon da aka shirya ajin kwamfuta dominsa ba zai iya karanta shi ba sai da tabarau da haƙuri.

Rajista da tara

In ban da gyaran littafi, ana yin rajista ta intanet ko a teburin shiga. Ajin kwamfuta na masu farawa ma an ce a fi son ta intanet, abin da ba sai an yi dogon bayani ba. A je teburin kawai. Kundin littattafan yana kan Koha, manhajar kyauta da aka ƙirƙira a New Zealand ta fara aiki a farkon shekarar 2000, kuma tana iya aika saƙon tunatarwa kafin wa'adin littafi ya cika, amma a nan ba a kunna wannan sashe ba. Shiri na kyauta kuwa kullum yana fama da masu rubuta suna su ƙi zuwa, don haka saƙon tes kwana ɗaya kafin zama, da jerin masu jiran gurbi, su ne ke hana kujera zama fanko.

Har yanzu ana cin tarar jinkirin dawo da littafi, har da na yara, kuma katin da tara ta hau kansa ana rufe shi. Wannan yana cin karo da karatun yara kai tsaye, domin iyalin da suka makara sau ɗaya sukan ji kunya su daina zuwa gaba ɗaya, littafin ma ba ya dawowa. Ɗakunan karatun birnin Shikago sun soke irin wannan tara a 2019, na New York suka bi a 2021. Kafin wannan ɗakin karatu ya yanke shawara, mai aro ya sani cewa ana iya sabunta wa'adi ta waya ko a tebur muddin wani bai riga ya yi layin littafin ba, kuma sai kafin ranar ta cika ake yi, ba bayanta ba. Gurbin gyaran littafi shida ne kacal, kuma a tebur kaɗai ake rubuta suna, saboda haka mai so ya je tun makon farko, ya tafi da littafin da ba zai yi baƙin ciki ba idan gwajin farko ya karkace.